Bincikena A Kan Farashin Taki Ya Biyo Ta Ƙofar Surukina

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malami ne a sashen nazarin tattalin arziki na wata jami'a a nan jihar Gombe. Shekarata 35, ina da mata da 'ya'ya uku. Ina shekara ta uku a digirin digirgir, kuma bincikena a kan gasa ne a kasuwar takin zamani, wato yadda farashin buhu yake hawa daga hannun manyan diloli har ya isa ga manomi. Damina biyu ke nan ina bin kasuwanni daga Gombe zuwa Kumo, Bajoga, Dukku da Billiri, ina rubuta farashi. Abin da na gani ya hana ni barci: farashin manyan dilolin yana tashi a mako ɗaya, da kuɗi kusan ɗaya, kamar an buga musu ƙararrawa. Mahaifin matata yana cikin waɗannan diloli, kuma gidan da muke zaune nasa ne. Ana cikin haka wani kamfanin rarraba taki ya aiko mini da tayin in rubuta masa rahoto da zai nuna cewa gasa tana tafiya lafiya lau a kasuwar, kuɗin kuwa ya fi albashina na shekara. Abokan aiki suna cewa in karɓa, in sauya maudu'i zuwa hauhawar farashi ko canjin dala, inda alƙaluma suke zube a shafin Babban Banki, in gama in samu ƙarin girma kamar kowa. Matata ba ta ce uffan ba, amma ina ganin damuwar a fuskarta. Baba, in bar binciken, ko in karɓi kuɗin, ko in ci gaba in ɓata da surukina?

Malamin jami'a, daga Gombe

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah Ya yi wa iyali albarka, Ya buɗa maka.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma zan fara da maganar kuɗin, domin ita ce amsarta ba ta buƙatar dogon tunani. Kada ka karɓa. Ba don aiki da kamfani haramun ne ga malamin jami'a ba. Masana tattalin arziki a ko'ina suna yi wa kamfanoni da hukumomi aikin ba da shawara, kuma halak ne su ci guminsu. Amma ka sake duba yadda aka kawo maka tayin. Ba a ce ka je ka gano ko akwai gasa ba. An ce ka rubuta cewa akwai. An riga an dafa amsa, sa hannunka kawai ake nema, kuma ana nemansa ne daidai lokacin da aka ji kana yawo da littafi a kasuwanni. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wannan askin ba ya ƙarewa a rana ɗaya.

Ina faɗa maka wannan ne da ciwo a zuciyata. Shekaru da dama da suka wuce, ina koyarwa a Bauchi, albashi ya tsaya wata da watanni, uwargida tana kwance, wani kamfani ya ba ni irin wannan aikin. Na rubuta abin da suke so, na zaɓi alƙaluman da suka dace da buƙatarsu na ajiye sauran. Kuɗin bai kai damina ba ya ƙare. Bayan shekara kusan goma, wata ɗaliba ta kawo mini kundinta in duba, sai ga sunana a ciki, ta kafa hujja da wancan rahoton, ta gina babi guda a kansa. Na kira ta ofis, na rufe ƙofa, na gaya mata da bakina cewa kada ta dogara da shi, na faɗa mata dalili. Ba ta ce komai ba, ta tattara takardunta ta fita. Har yau idan na tuna kallon da ta yi mini sai in ji jikina ya mutu. Ba na so ka tsaya a wannan matsayi.

A fagenka wannan hatsarin ya fi tsanani. Ka san abin da masanin tattalin arziki George Stigler ya rubuta a 1971, cewa sau da yawa masana'antar da aka kafa hukuma don ta sa mata ido ita ce ke komawa ta kama hukumar tana juya ta. Yadda ake kama hukuma haka ake kama masani, kuma ba da barazana ake yi ba, da alheri ake yi. Idan kamfanin ya dawo, ka ce musu za ka iya yi musu aiki bayan ka kare kundinka, bisa sharaɗi a rubuce: tambayar tasu ce, amsar taka ce, za ka bayyana wanda ya biya kuɗin aikin, kuma jami'arka za ta san da shi. Yadda za su amsa wannan zai nuna maka abin da suke nema tun farko.

Yanzu ga inda nake so ka natsu ka saurare ni, domin ina ganin ka yi gaggawar yanke wa surukinka hukunci a zuciyarka. Ka ce farashi yana tashi tare. Ruwa ba ya tsami banza, haka ne, amma tashin farashi tare shi kaɗai ba ya tabbatar da haɗa baki, kuma duk malamin da zai zauna a teburin kare kundinka wannan ce tambayar farko da zai jefa maka. Yuriya a ƙasar nan daga hannun masu sarrafawa ƙalilan take fitowa: Indorama a Eleme da Notore a Onne, duka kusa da Fatakwal, da masana'antar Dangote ta Lekki da aka ƙaddamar a watan Maris na 2022. Idan ƙofar masana'anta ta ƙara kuɗi ranar Litinin, kowane dila daga Gombe har Funtuwa zai ji a waya kafin la'asar, kuma kowa zai ƙara ba tare da ya yi magana da kowa ba. Kamfa kuwa, wato takin NPK, sinadaranta na fosfet da fotash daga waje ake shigo da su, don haka tana bin dala sau da ƙafa. Ka tuna yadda yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya girgiza kasuwar taki ta duniya baki ɗaya, ka tuna cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan Yunin da ya biyo baya. Sannan tirelar da za ta ɗauko buhu 600 daga kudu ta kawo Gombe, dizal take sha, kuma dizal ɗin kuɗinsa ɗaya ne ga kowa.

Abin da ya kamata ka auna shi ne tazarar da ke tsakanin kuɗin da dila ya sayo, haɗe da dako da sito da kuɗin lebura, da kuɗin da ya sayar. Idan tazarar tana nan yadda take, farashin ne kawai ke hawa da sauka da abin da ke samansa, to dilolin nan 'yan aike ne, matsalar tana can gaba da su. Idan kuwa tazarar tana buɗewa daidai lokacin da ruwa ya zauna manomi ba shi da zaɓi, idan farashi yana tashi da gudu in dala ta hau amma ya ƙi saukowa in ta sauka, idan ka ga sabon dila ya shigo da rangwame an hana shi kaya ko an hana direbobi yi masa dako, idan ka ga an raba garuruwa, wane ba ya kai kaya Dukku, wane ba ya taka Billiri, to a nan ne magana ta fara nauyi. Kana da wannan a littafinka? Daga wasiƙarka, ina jin farashin sayarwa kawai ka tara. Rabin aikin ke nan.

Ko a inda aka kama masu haɗa baki da gaske, ba jadawalin farashi kaɗai ya kama su ba. A Afirka ta Kudu, a ƙarshen 2006, masu rarraba burodi a yankin Kef suka kai ƙara cewa manyan gidajen burodi sun ƙara kuɗi lokaci guda. Abin da ya fasa ƙwan shi ne ɗaya daga cikin kamfanonin ya amsa laifi don a yi masa sassauci, ya ba da labarin zaman da ake yi. A 2007 aka ci Tiger Brands, wani daga cikin kamfanonin, tarar kusan rand miliyan 99 a kuɗin ƙasar. Masu bincike sun nuna hayaƙi, hukuma mai ikon kiran mutum da karɓar takardu ita ta gano wutar. Kai mai nuna hayaƙi ne. Ba kai ne mai gabatar da ƙara ba, ba kai ne alƙali ba, kuma kundin digiri ba takardar tuhuma ba ce. Ba ka da dalilin rubuta sunan kowa a ciki. Dila na ɗaya, dila na biyu, kasuwa kaza, mako kaza. Haka ƙa'idar bincike ta ce, ko da babu surukinka a ciki. Sai dai wajibi ne mai duba aikinka ya san da wannan dangantaka tun yanzu, daga bakinka, kada ya ji ta a bakin wani ranar kare kundi.

Sannan ka je wurin surukinka. Na san nauyin da ke tsakanin Bahaushe da surukinsa, na san akwai maganar da ba a iya ɗaga ido a faɗa. Amma a bar kaza cikin gashinta ba zai yi a nan ba, domin kasuwa ba ta da sirri. Yaran shago sun riga sun gan ka da biro da littafi, kuma labari zai kai masa da ƙarin gishiri. Kada ka je masa da tuhuma. Ka je a matsayin ɗalibi, kuma ba dabara nake koya maka ba, gaskiya ɗalibinsa ne kai a wannan fage. Mutumin da ya yi shekaru yana sayar da taki ya san abin da babu shi a kowace mujalla: wa ke ba da kaya bashi, yaushe ake biya kafin a ga buhu, nawa ake asara a damina idan sito ya yi yoyo, me ƙungiyar diloli take tattaunawa idan ta zauna. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ga aikin da nake yi, ga abin da na gani, ban fahimce shi ba, na zo a fahimtar da ni." Za ka iya fitowa da abin da zai sauya babi biyu na kundinka.

Mai yiwuwa kuma ya ce maka, da zuciya ɗaya, ai ƙungiya ce ke zama ta tsayar da farashi don kada 'yan'uwa su karya juna. Da yawa daga 'yan kasuwarmu ba su ɗauki wannan laifi ba, suna ganin zumunci ne. To ka sani, tun da aka sa hannu a dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC da kotunta ta musamman, yarjejeniyar tsayar da farashi ko raba kasuwa tsakanin masu sana'a ɗaya laifi ce, kuma tarar kamfani tana iya kai kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na shekarar da ta gabata. Hukumar nan ba ta wasa ba ce: ta ci kamfanin taba na British American Tobacco dala miliyan 110 a 2023, ta yanke wa Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 a 2024. Surukin da ya ji wannan daga bakin mijin 'yarsa, a zaure, cikin ladabi, an yi masa gata.

Amma da dattijo irinsa, ni da zan fara da abin da ya riga ya sani tun yana makarantar allo da zauren malamai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ɓoye kaya don su yi tsada, ya hana tare fatake a hanya kafin su iso kasuwa su san farashi, ya hana ƙara kuɗin kaya na ƙarya don a ruɗi mai saye. Kuma da farashi ya tashi a Madina aka roƙe shi ya ƙayyade, bai yi ba, ya ce Allah ne mai sanya farashi. Daga baya malamai irin su Ibn Taimiyya suka yi bayanin cewa idan masu sayarwa suka haɗa kai a kan abin da jama'a ba su da makawa sai shi, hukuma tana da damar shiga. Duba da kyau, wannan ita ce tambayar da fagenka yake fama da ita har gobe: yaushe za a bar kasuwa ta yi halinta, yaushe za a sa mata hannu, kuma wa zai sa ido a kan mai sa hannun. A kan wannan aka ba Jean Tirole na Faransa kyautar Nobel a 2014. Ba baƙon ilimi kake yi ba, kuma ina so ka ji haka a ranka idan kana zaune gaban surukinka.

Game da matarka, kada ka bari shirun nan ya daɗe. Tana tsakanin uba da miji, ba ta san abin da ke cikin takardun da kake kwana a kansu ba, kuma wanda bai sani ba mafi muni yake zato. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, ka gaya mata babu sunan mahaifinta a ciki kuma ba za a sa ba, ka gaya mata za ka je wurinsa da kanka, ka gaya mata dalilin da ya sa ka ƙi kuɗin, tun da ita ma da haƙƙinta a cikin wahalar da ƙin zai jawo. Maganar gida kuwa, ka fara ajiye wani abu duk wata, komai ƙanƙantarsa, da niyyar haya ko fili. Ba don ina zaton zai tashe ku ba. Mutum yana fi iya faɗin gaskiya cikin ladabi idan ya san yana da inda zai kwana.

Abokan aikinka da suka ce ka sauya maudu'i ba mugunta suke nufi ba. Sun ga yajin aikin wata takwas na 2022, sun ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata, sun ga yadda ake ƙirga maƙaloli kamar ana ƙirga buhuna wajen ƙarin girma, ba a cika tambayar abin da ke ciki ba. Amma shawararsu asara ce a gare ka ko ta fuskar ci gaban aikin. Alƙaluman Babban Banki da na Hukumar Ƙididdiga kowa yana da su. Ɗalibai ɗaruruwa suna juya su kowace shekara suna fitar da abu ɗaya. Farashin taki mako-mako daga kasuwanni biyar na jihar Gombe, damina biyu a jere, wanda mutum ya tara da ƙafarsa, kai kaɗai kake da shi. Irin wannan ne mujallar kirki take nema, kuma da irinsa ake samun tallafin bincike daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ko daga cibiyar AERC da ke Nairobi, wadda tun 1988 take horar da masana tattalin arzikin Afirka. A Jami'ar Johannesbag ma akwai cibiyar CCRED da aikinta ke nan, gasa da sa ido a kasuwannin Afirka, har da na kayan noma. Ka rubuta musu, ka aika da taƙaitaccen bayanin abin da ka tara. Ka kuma guji mujallun nan na biya a buga maka cikin mako biyu, da al'adar sa sunana in sa naka. Suna cika fom, amma ranar da masu tantancewa na waje suka zauna a kan takardunka don kujerar farfesa, su ne za su zame maka kaya.

Ƙasar nan tana buƙatar irinka fiye da yadda ka zata. Wanda ya kai shekarunka ya ga abin da gasa take yi da idonsa. A 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, aka fara da kira naira 50 a minti, ko daƙiƙa biyar ka yi sai a cire maka na minti guda, ana cewa lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, nan da nan abin da ba zai yiwu ba ya yiwu ga kowa. A wutar lantarki kuwa, inda waya ɗaya ce ke shiga unguwa kuma ba ka da wani kamfanin da za ka koma, babu gasar da za ta cece ka, sai hukumar da ta iya lissafin kuɗin wuta. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin, kuma kowace jiha da ta ɗauki wannan hanya sai ta nemi mutanen da suka san yadda ake tsara farashi da yadda ake gane kamfani yana kumbura kuɗin da ya kashe. Mu da muke da masana'antar siminti ta Ashaka a Funakaye da madatsar Dadin Kowa a gefenmu, bai kamata kullum sai an ɗauko mana masani daga Legas ba.

Akwai wani abu kuma da ya sa wasiƙarka ta taɓa ni. Mahaifina manomin auduga ne a ƙasar Akko. Ina yaro nakan bi shi fuloti, wato wurin awon auduga, a kan jaki, mu kwana a layi cikin sanyin hunturu. Mai saye ɗaya ne a lokacin, kafin a rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Malamin awo zai cusa hannu cikin buhu, ya ciro ɗan tafin auduga, ya kalla, ya ce lamba biyu. Mahaifina ya san lamba ɗaya ce, shi ya tsince ta da hannunsa ya ware mai datti, amma sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malam." Babu wani ma'aunin da zai kai ta. A hanyar komawa gida ba ya magana. Manomin da yake tsaye yau gaban shagon taki a watan Yuli, masararsa ta fara ja, yana lissafin ko zai sayi rabin buhu ko mudu biyar, ɗan'uwan mahaifina ne, kuma ya cancanci wani ya zauna ya gano masa gaskiyar inda kuɗinsa yake tafiya, ko a Gombe ne, ko a Fatakwal, ko a kasuwar canji.

Ga abin da za ka yi a makon nan. Ka rubuta wa kamfanin amsa gajera mai ladabi, ka ajiye kwafi. Ka ga mai duba aikinka ka faɗa masa komai, har da tayin. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka sayi goro ka tafi gidan surukinka kai kaɗai, ba tare da kwamfuta ba, da littafinka na kasuwa kawai. Ka roƙe shi, idan ya yarda, ya bari ka ga rasit ɗin sayen kaya da na dako na damina biyun nan, ka kuma nemi irinsu daga wasu diloli uku ko huɗu da ba su da alaƙa da kai, don kada aikin ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Idan ka haɗa tazarar, ka sake rubuto mini abin da ta nuna. Ka gaida maiɗakinka da yara.